Qiskit da akwatin tambaya: abin da na gani cikin wata biyu

Wata biyu ke nan ina fama da Qiskit, manhajar da IBM ta saki a 2017 don rubuta lissafin kwantum (sabon salon lissafin kwamfuta da ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra) da yaren shirya manhaja na Python. Kyauta ce, kuma tsohuwar laftof ɗina ta ɗauke ta ba gardama.

Abin da ya kai ni shi ne orakul. Sunan kamar na mai duba, amma ba ya faɗa maka komai. Akwati ne rufaffe: ka miƙa masa amsa, in ita ce ake nema sai ya juya mata alama daga tarawa zuwa ɗebewa, shi ke nan. A nan Qiskit ta burge ni. Na gina orakul sau ɗaya, na naɗe shi da umarnin to_gate(), ya zama tubali guda. Na cusa shi cikin dabarar binciken da Lov Grover ya fitar a 1996, na zare, na sa wani, ban taɓa sauran ginin ba. Kamar canza wa keken ɗinki allura.

Na gwada da kubit 3 (kubit shi ne ƙwayar bayani a lissafin kwantum, in aka auna shi 0 ko 1 yake bayarwa), wato amsoshi 8, daga 000 zuwa 111. Da na maimaita dabarar Grover zagaye biyu, amsar ta fito kusan kashi 94 cikin 100. Zalama ta sa na ƙara zagaye na uku, sai ta faɗo kusan kashi 33. Tuwo ya wuce nuna, ya ƙone.

Inda na sha wuya kuwa laifina ne. Na fara da neman 101, komai lafiya lau. Da na koma 110 sai 011 ke fitowa. Kwana biyu ina zargin orakul ɗin, ashe Qiskit daga dama take ƙirga kubit, 101 kuma ta kowane ɓangare ka karanta ɗaya ne, shi ya rufa min asiri. Yana rubuce a bayanan Qiskit, ni ne ban karanta ba.

Sai dai kada sauƙin zare tubali ya ruɗe ka. A takarda ana ƙirga sau nawa aka tambayi orakul, ba a ƙirga wahalar gina shi. Da na nemi ya tantance matsala ta gaske, ba lambar da na riga na sani ba, ƙofofinsa, wato ƙananan matakan lissafin da aka gina shi da su, sun fi na sauran aikin yawa. Mai koyo ya sauke Qiskit, amma ya fara gwaji da 110.