Rediyon Android mai allon inci 9: sauti ya yi, amma yana shanye batir

Kwana huɗu mota tana ajiye, aka murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Batirin kuwa bai shekara ba. Tushen matsalar yana cikin kwalin da rediyon ya zo a ciki.

Rediyon mota wuta biyu yake ci. Waya ruwan ɗorawa tana ɗauke da wuta kullum daga batir don ya riƙe tashoshi da agogo, ja kuma ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. A motocin zamani da yawa soket ɗin asali ba shi da wannan jar, ɗan akwatin CANbus, mai karanta saƙonnin kwamfutar mota, shi ne ke sanar da rediyo cewa an kashe mota. To akwatin CANbus da masu sayarwa suka sako a kwalin bai dace da motar ba, sai mai haɗawa ya murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri guda don aiki ya tashi. Ka danna maɓalli allo ya yi duhu, ka ɗauka ya mutu, alhali a ciki yana ta aiki.

Da aka cire kan batir na negatif aka sa mita tsakani, bayan an kulle mota an jira minti 30, sai ga shi tana jan sama da miliamp 300. Lafiyayyar mota ba ta cika wuce 50 ba. A yi lissafi: kwana huɗu a haka sun cinye kusan rabin batir mai 60Ah. Maganin shi ne a raba wayoyin, a ja jar zuwa fiyus ɗin da ke mutuwa in an zare makulli. A gwada da mita tukuna, don a wasu motocin fiyus ɗin soket ɗin caji ba ya mutuwa.

Sauti kam ba laifi. Wat 50 sau huɗu da aka rubuta a kwali cika baki ne, ainihin ƙarfin bai wuce wajen 20 a kowace sifika ba, amma ko da sifikun asali murya ta fito tas, ganga ta yi nauyi. Android Auto da CarPlay, masu nuna manhajojin wayar hannu a allon mota, suna haɗuwa ba igiya, Bluetooth ya fara gaisawa da wayar hannu sannan Wi-Fi ya karɓa. Wayar dai tana ɗaukar zafi in tafiya ta yi nisa.

Har na so in ce a saya, sai na tuna wannan akwatin CANbus ɗin ne dai ya kashe maɓallan sitiyari, ƙara murya ma sai ka miƙa hannu kana tuƙi. Makirufon da ke jikin allon kuma, wanda ka kira ji yake kamar daga rijiya kake magana, dole a sayi na waje a maƙala kusa da madubi. Duk mai niyya ya sa a rubuta masa samfurin motarsa da shekararta a jikin akwatin CANbus kafin ya biya.