Sharhi kan batirin Dräger X-am 2500, na'urar gwajin iska mai guba

Aikinmu wankin tankunan mai da kwasar ramukan najasa ne a Kano, kuma babu yaron da nake bari ya sauka rami sai an fara zura na'ura an gwada iskar ciki. Wadda muke amfani da ita Dräger X-am 2500 ce, ƙirar Jamus. Tana auna abu huɗu a lokaci guda: oksijin, iska mai kama wuta, kabon monoksaid, da haidirojin salfaid, wato iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kwanciya a ƙasan masai. Idan ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warinta, shi ya sa ba ma dogara da hanci.

Ta fannin awo ba ni da ƙorafi. Maganata a kan batiri ce, domin a wurinmu shi ne ke yanke hukuncin ko za a yi aiki ranar ko ba za a yi ba.

Batirinta mai caji, NiMH, idan ya cika yana wuce awa 12, kuma cajinsa wajen awa 4 ne. Yini guda na aiki ya ishe mu da shi. Abin da ya fi cin caji shi ne sashen gano iska mai kama wuta, domin a cikinsa akwai wata 'yar waya da take zama da zafi muddin na'urar na kunne. Idan caji ya kusa ƙarewa tana fara kuka, kuma daga nan saura kamar minti 20. Da na ji wannan kukan nake cewa a fito da wanda ke ciki, ba na jiran na biyu.

Ga abin da mai saye a Arewa ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Cajar tana aiki ne tsakanin digiri 5 zuwa 35. Idan zafi ya wuce haka tana tsayar da caji da kanta don kare batirin, sai wuri ya huce ta ci gaba. A watan Maris da Afrilu, shagon kwano da rana ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Don haka mun mayar da caji dare, a ɗakin da iska ke ratsawa, kan inbata, tunda wutar nepa ba ta da alkawari.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya cire wannan batirin a sa wani gida mai ɗaukar batir AA guda 2. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, ana kwancewa da ƙaramin alanki. Idan aiki ya kai mu ƙauyen da ba wuta, wannan ne ke cetonmu. Amma fa ba kowane batir ake sawa ba. Littafin na'urar ya lissafa waɗanda aka amince da su, domin an ƙera ta ne yadda ba za ta yi tartsatsi ko zafin da zai tada wuta ba, kuma batirin na cikin wannan lissafi. Na rediyo da ake saya a tebur ba ya ciki. Haka kuma ba a kwance ta ko a yi mata caji a bakin tanki, sai an koma nesa inda iska take tsaf.

Bayan canjin batiri nakan ba ta lokaci ta daidaita a fili, in ga oksijin ya tsaya a 20.9, sannan a gwada ta da kwalbar iskar gwaji a tabbatar tana kuka. Kuma ba a jefa ta a durowa wata da watanni babu caji, saboda akwai wani ƙaramin batir a ciki da ke zuƙewa.

Wanda zai saya, ya haɗa da gidan AA ɗin da batir na biyu tun ranar farko, domin kayan gyaranta sai an yi oda an jira, ba a samunsu a kowane shago.