Sharhi kan Puss in Boots: The Last Wish, inda dariya da fargabar mutuwa suka fito daga tushe ɗaya

Matsalar da ta fi kashe kashi na biyu na fina-finan katun na iyali sananniya ce. Kamfani ya duba abin da ya fi ba yara dariya a fim na farko, sai ya ninka shi, sannan gab da ƙarshe ya cusa wata fitowa mai ban tausayi da kiɗa mai sanyi don iyaye su ce an taɓa musu zuciya. Barkwancin daban, tausayin daban, babu abin da ya haɗa su. Haka ta faru da Cars 2 a 2011: aka ɗauko Mater, motar janwe da ke ba da dariya a gefe, aka ɗora masa labarin leƙen asiri gaba ɗaya, ya kasa ɗauka. Puss in Boots: The Last Wish na kamfanin DreamWorks, wanda Joel Crawford ya ba da umarni kuma ya fito a Disambar 2022, ya kauce wa wannan ramin a mafi yawan mintunansa 102. Duk wanda bai kalla ba ya sani zan tona wasu sirrikan labarin.

Shekara 11 ke tsakaninsa da na farko, wanda ya fito a 2011. Labarin a taƙaice: Puss, muzurun nan mai takobi da hula da dogayen takalma, wanda Antonio Banderas ke yi wa murya, ya ɓarnatar da rai takwas cikin taransa. Saura ɗaya. Sai ya bazama neman wani tauraro da ya faɗo cikin daji, wanda ke cika wa mutum buri guda, domin ya roƙi a mayar masa da rayukansa.

Abin da ya kamata mai nazarin fim ya lura da shi yana cikin rubu'in farko. Bayan ƙararrawa ta danne Puss, likita ya sa shi ya ƙirga sau nawa ya mutu, sai a jero mana mutuwar takwas da sauri da sauri: sa ya tattake shi, karnuka sun kama shi yana maguɗi a karta, ya faɗo daga hasumiya, ƙarfen motsa jiki ya danne shi, an harba shi daga igwa, da sauransu. Kowace ba ta wuce 'yan sakanni ba, kuma kowace dariya ce zalla. To amma duk ɗinsu abu ɗaya suke faɗa, wato girman kai da rainin haɗari ne ke kashe shi. Jim kaɗan bayan haka yana zaune a mashaya sai a ji fito, wani kyarkeci mai jajayen idanu da lauje biyu ya bayyana a gefensa. A faɗan da suka yi ya yanke shi a goshi, jini ya gangaro, gashin jikin Puss ya miƙe, ya bar takobinsa a ƙasa ya tsere. Abin da muka gama yi wa dariya shi ne ya juyo ya zama abin tsoro. Marubutan ba su buƙaci ƙirƙiro wani sabon dalilin baƙin ciki ba, domin barkwancin ya riga ya gina shi.

Nan ne bambancin yake. Idan raha da tausayi suka fito daga aibi ɗaya na jarumi, kowace dariya tana ƙara wa fitowa mai nauyi ƙarfi. Idan kuwa daga wurare biyu suka fito, sai su riƙa cin juna.

Na biyu shi ne yadda aka yi da Perrito, ɗan karen da ya yi shigar mage ya ɓuya a gidan Mama Luna, wata tsohuwa mai kiwon maguna inda Puss ya je ya fake, wanda Harvey Guillén ya yi wa murya. A ka'ida irin wannan abokin tafiya aikinsa surutu da shirme. Shi ma yana yi. Amma akwai inda yake ba da tarihinsa cikin fara'a, yana cewa masu shi sun sha yin wasan ɓuya da shi, har wata rana suka sa shi cikin safa tare da dutse suka jefa a kogi, ya fito ya mayar da safar rigar sanyi. Shi dariya yake yi. Puss da Kitty, magen da suke tafiya tare, wadda Salma Hayek ke yi wa murya, sun kaɗu da jin haka. Yaro ƙarami zai ji labarin kare mai sa'a, babba kuwa ya gane yunƙurin kisa ne. Jimla ɗaya ta yi aiki biyu, kuma fuskar masu sauraro ce ta ɗauki nauyin.

Fitowar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta firgici a cikin daji. Puss ya sake jin fiton nan a tsakiyar faɗa, ya ruga, ya zube a gindin bishiya yana haki. An janye kiɗa, an bar bugun zuciya da numfashi sama-sama. Perrito ya iso, bai yi wani dogon jawabi ba, ya ɗora kansa a kan cikin Puss, shi kuma ya riƙa shafa shi har numfashin ya daidaita. Abu biyu suka sa ta yi aiki. Tun a baya an nuna Perrito yana cewa burinsa ya zama karen da ke kwantar wa mutane hankali, yana tallar tumbinsa a shafa, kuma a lokacin wasa muka ɗauke shi. Sannan masu haɗa hoto sun yi haƙuri, ba su yanke shirun da wata zolaya ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a irin waɗannan fina-finai: tsoron kada yara su gaji yakan sa a jefo barkwanci tun kafin mai kallo ya gama haɗiye abin da ya gani, sai nauyin ya zube. Pixar ta nuna amfanin wannan haƙurin tun 1999 a Toy Story 2, inda aka tsayar da raha cak aka bar tarihin Jessie ya gudana har ƙarshe.

Zanen ma yana taimakawa. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a sakan ɗaya, amma a wuraren faɗa an rage yawan hotunan motsi, sai duka ya riƙa zuwa da tsalle-tsalle kamar shafin littafin zane, launuka kuma kamar an shafa da buroshi. Taswirar dajin, wadda ke nuna inda tauraron yake, tana sauya hanya gwargwadon wanda ya riƙe ta: ta Puss da ta Kitty cike da wuta da wahala, ta Perrito furanni. Dariya ce, kuma bayanin halin kowa ne a lokaci guda.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne cunkoso. Ƙungiya uku ke tseren tauraron, ga kyarkecin na huɗu. Goldilocks, wata yarinya da muryar Florence Pugh, tare da beyar uku da suka raine ta, suna da nasu labarin mai taɓa zuciya: tana son ta roƙi dangi 'yan Adam alhali ga waɗanda suka riƙe ta. Tunanin mai kyau ne, amma mai kallo ya gano inda za a dosa tun da wuri, kuma yawancin lokacinsu ya tafi a cacar baki tsakaninta da ƙaramin beyar. Da aka zo wurin da uwar ta ji burin, abin ya taɓa ni, sai dai bai kai zurfin na Puss ba domin ba a ba shi fili ba.

Jack Horner, jagoran ƙungiya ta uku, wanda John Mulaney ya yi wa murya, mugu ne da gangan aka hana shi kowane uzuri. Wani ɗan ƙwaro mai wa'azi yana biye da shi yana neman ɗigon alheri a zuciyarsa, bai samu ba. Wannan ya ba ni dariya sosai, kuma na fahimci dabarar: tunda kyarkecin ya ɗauki duk nauyin tsoro, ana buƙatar mugun da za a huta a kansa. Amma barkwancin nasa iri ɗaya ne, yaransa su mutu shi ko a jikinsa, kuma an maimaita har ya fara sanyi. Faɗan ƙarshe da shi, bayan ya zama ƙato, ya zo ne bayan an riga an warware ainihin rikicin. Kyarkecin, wanda Wagner Moura ya yi wa murya, ya riga ya bayyana cewa shi ne Mutuwa da kanta, Puss ya tsaya ya fuskance shi ya amince ba zai taɓa cin galaba a kansa ba, shi kuma ya juya ya tafi. Duk abin da ya biyo bayan wannan ƙari ne.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 480 a duniya, ya kuma shiga takarar Oscar ta katun, inda Pinocchio na Guillermo del Toro ya lashe.

Ga iyaye: an ba shi matakin PG, ma'ana a kalla tare da babba. A ganina yaron da bai kai shekara bakwai ba zai iya tsorata da fitowar mashaya, da ta kogon da Puss ke ganin rayukansa na baya, da fiton kansa, wanda ke maƙalewa a kunne. Akwai jini kaɗan, akwai inda wasu furanni suka cinye mutum suka bar ƙwarangwal, akwai kuma inda Perrito ya zazzaga ashar aka toshe kalmomin da ƙara. Ba sai an ga na 2011 ko jerin fina-finan Shrek, inda Puss ya fara fitowa, za a fahimci labarin ba, domin abin da ya shiga tsakanin Puss da Kitty a Santa Coloma an bayyana shi a cikin wannan ɗin.