Gishiri da sukari: inda haɗin ayonik ya rabu da haɗin kobalen

Ƙanena, ka ce gishiri da sukari duk farare ne, duk suna narkewa a ruwa, to me ya sa idan aka tsoma wayoyi biyu masu haɗe da batir da ƙwan fitila a ruwan gishiri ƙwan yake kamawa, a ruwan sukari kuwa shiru? Ka ƙara da cewa an ba ku jadawalin bambancin haɗin ayonik da na kobalen, kana haddacewa yana zubewa. Zai ci gaba da zubewa har sai ka riƙe tambaya guda: ina ilektiron, wato ɗan ƙwayar nan mai caji da ke zagaye cikin atam, ya tafi? Bayar da shi aka yi ɗungurungum, ko tarayya ake yi a kansa?

Mu fara da gishiri, wanda haɗin sodiyam (Na) ne da kulorin (Cl). Sodiyam lambarsa 11, jerin ilektiron ɗinsa 2, 8, 1. Kulorin lambarsa 17, jerinsa 2, 8, 7. Sodiyam yana da guda ɗaya tilo a zagayen waje, kulorin kuwa saura ɗaya ya cika takwas. Sai wannan ya sallama, wancan ya karɓe. Mai bayarwa ya koma Na⁺, mai karɓa ya koma Cl⁻, wato ayon, atam masu caji, kuma da yake cajinsu kishiyoyi ne sai su riƙa jan juna. Wannan jan shi ne haɗin ayonik, wanda wasu littattafan sakandare ke kira ilektirobalen. Galibi tsakanin ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba yake faruwa. Kada ka ɗauka Na ɗaya da Cl ɗaya ne ke zaune su biyu. A ƙwayar gishiri kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ kuma da Na⁺ shida, ana ta jeruwa kamar tubalin gini. Rushe wannan gini sai zafi mai tsanani, shi ya sa gishiri ba ya zama ruwa a kan wuta sai ma'aunin zafi ya kai 801 na Salshiyos.

Sukari fa? Kabon ne da haidurojin da oksijin, C₁₂H₂₂O₁₁, babu ƙarfe ko ɗaya. Duk cikinsu kowa nema yake, babu mai bayarwa. Sai kowane biyu su kawo ilektiron ɗaya-ɗaya su ajiye a tsakani, su mallaka tare, kamar gonar gandu da 'yan'uwa ke nomawa ba tare da an raba ta ba. Wannan tarayyar ita ce haɗin kobalen, kuma Gilbert Lewis, masanin Amurka, shi ya bayyana ta a 1916. Atam 45 ɗin nan sukan dunƙule su zama molikul guda marar caji.

A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa, kuma abin yana damuna, domin maki ne da bai kamata a rasa ba. Sukan rubuta cewa haɗin kobalen rarrauna ne. Ba haka ba ne. Haɗin da ke cikin molikul ƙaƙƙarfa ne. Abin da ke da rauni shi ne jan da ke tsakanin molikul da maƙwabcinsa. Idan ruwa ya tafasa a 100, tururin da ke tashi H₂O ne har yanzu, ba a raba haidurojin da oksijin ba, molikul ne kawai suka saki juna. Sukari ma tun wajen 186 yake komawa ruwan ƙasa, kamar yadda masu yin alewa suka sani. In kana son shaidar ƙarfin kobalen, dubi lu'ulu'u, wato daimon: zallar kabon ne, kowane atam riƙe da huɗu, daga wannan gefe har wancan, kuma yana yanka gilashi.

Yanzu ga ƙwan fitilarka. Wutar lantarki ba ta ratsa abu sai akwai mai ɗauke da caji da ke iya tafiya. Busasshen gishiri yana da caji, amma ayon ɗinsa a ɗaure suke, don haka ƙwan ba zai kama ba. Da ka zuba shi a ruwa, ruwan ya ɓamɓare Na⁺ da Cl⁻, kowa ya kama yawo, wuta ta samu masu dako. Sukari kuwa ya watsu a ruwan, amma kowane molikul ya tafi cikakkensa, babu caji. Ka lura, mu a Hausa kalma ɗaya ce, narkewa, ga abin da zafi ya mai da ruwa da abin da ya baje cikin ruwa. A jarrabawa abu biyu ne daban, ko da yake gishiri yana kai wuta a duka biyun.

Wannan fahimtar ita ke rubuta maka lissafin haɗuwar sinadarai ba tare da hadda ba. Kulorin iska ce mai tafiya bibbiyu, Cl₂, kuma haɗin kobalen ne tsakaninsu. Tun da atam biyu ne, kowanne na son ilektiron ɗaya, dole a kawo sodiyam biyu: 2Na + Cl₂ → 2NaCl. Magniziyam biyu yake bayarwa, shi ya sa nasa MgCl₂ ne. Wajen daidaitawa, lambar gaba kawai ake taɓawa. Ka canza ƙaramar ta ƙasa, ka canza sinadarin kansa.

Asid kuma shi ne wurin da jadawalin hadda ke ba mutum kunya. HCl iska ce, haɗinta kobalen, busasshiyarta ba ta ko canza launin busasshiyar takardar litimos, wadda ake gwada asid da ita. Amma kulorin ya fi jan ilektiron ɗin tarayyar zuwa wajensa, don haka da ta shiga ruwa sai ta tsage: HCl + H₂O → H₃O⁺ + Cl⁻. Ga abin da ya shiga a matsayin molikul ya koma ayon, ƙwan kuma ya kama da haske sosai. Svante Arrhenius na Suwidin ya kawo wannan bayanin na rabuwar sinadarai a ruwa tun 1884, ya kuma samu kyautar Nobel a 1903. Asid mai ƙarfi duka yake tsagewa. Mai rauni, irin na ruwan kal, kaɗan ne daga cikinsa ke tsagewa, sai hasken ya zo dishi-dishi. Ko a madafa kana ganin aikin waɗannan ayon: idan Inna ta jefa kanwa a yakuwa ta yi kumfa, tsamin ya karye, kabonet ɗin kanwa ne ya cinye H⁺ ɗin asid, kumfar kuma iskar CO₂ ce.

Ka gwada da kanka: kofi uku, ɗaya ruwan gishiri, ɗaya na sukari, ɗaya ruwan lemon tsami, da ƙaramin batir mai bolt 9 da ɗan ƙwan tocila. Ka wanke wayoyin kafin ka koma kofi na gaba, in ba haka ba ɗan gishirin da ya maƙale zai ɓata maka sakamakon sukari. Ka samu ruwa mai tsabta sosai, domin na rijiya yakan zo da nasa gishirin. Kuma batir kaɗai, don Allah, kada ka kusanci wutar soket da wannan gwajin.