Always On Top na PowerToys: ya iya riƙe taga, amma wijet sai Rainmeter

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake saye na hannu a Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja masu allon inci 14 ne. Da ka buɗe Excel ya cika allon, shi ke nan, kalkuleta da agogo da 'yar takardar da ka rubuta lambar asusu duk sun nutse a ƙasa. Mai lissafin shago ko mai buga takardu a wurin fotokwafi sai ya wuni yana danna Alt da Tab.

A Windows 7 abin ba wuya. Wijet, wato ƙananan kwalayen nan na agogo da kalanda da yanayi, suna da zaɓin zama a sama kullum. Microsoft ta daina tallafa musu a 2012 saboda ɓarakar tsaro, Windows 8 kuma ta fito babu su. Allon wijet na Windows 11, wanda ake buɗewa da madannin Win (mai alamar Windows) da W, yana rufe kansa da zarar ka taɓa wani wuri.

Abin da Microsoft ke bayarwa yanzu shi ne Always On Top, wani sashe na PowerToys, manhajar kyauta da ake saukewa daga Microsoft Store ko GitHub. Tana buƙatar Windows 11, ko Windows 10 sigar 2004 zuwa sama, mai 64-bit. Fayil ɗin yana da nauyi, gara a sauke shi inda akwai Wi-Fi.

Bayan ka ɗora ta, danna tagar da kake so, sannan ka haɗa Win da Ctrl da T. Za ka ji ɗan sauti, wani zane mai launi ya kewaye tagar. Daga nan ko me ka buɗe, tana sama. Maimaita madannan uku, ta sauka. Ana iya sauya launin zanen da kaurinsa, a kashe sautin, a kuma rubuta manhajojin da ba a so abin ya shafa. Shawarata a bar zanen, a dai rage kaurinsa, domin shi ne kaɗai ke nuna wace taga aka kafe. A kan Notepad da Sticky Notes da ƙaramar tagar burauza aikinsa babu tangarɗa.

Matsalolinsa ne ya kamata a sani tun da wuri. Ba ya tuna abin da ka kafe: ka rufe manhajar ko ka kashe kwamfuta, gobe sai ka sake. Wanda wuta ke yawan ɗauke masa, batirinsa kuma ya gaji, zai ji wannan a jikinsa. Sannan idan manhaja tana gudana da izinin admin, madannan ba za su yi mata komai ba, domin Windows ba ta barin manhaja mai ƙaramin izini ta sarrafa tagar mai babban izini. Maganin shi ne a shiga sashen General a kunna PowerToys ita ma da izinin admin. A nan ne kuma ake sa ta tashi tare da kwamfuta.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ta akwatin tambaya. Kana cikin Word ka danna ajiyewa, akwatin ya fito a tsakiyar allo, amma tagar da ka kafe ta zauna a kansa. Word ya ƙi amsa komai, sai ɗan ƙarar gargaɗi duk inda ka danna, ka ɗauka kwamfutar ta sandare. Lafiyarta ƙalau. Ja tagar gefe za ka ga akwatin yana jiranka. Shi ya sa abin da aka kafe ya kamata ya zauna a kusurwa, kuma ƙarami. A kula da Zoom ma: idan ka nuna allonka gaba ɗaya, kowa a taron zai karanta takardar da ka kafe.

Mai RAM 4GB ya kashe sauran sassan PowerToys da ba ya amfani da su, suna da yawa.

Idan kuwa ainihin wijet kake nema, agogo ko ma'aunin intanet da ba shi da kan taga, Rainmeter ta fi dacewa, ita ma kyauta ce. Tana zuwa da tarin wijet mai suna illustro. Danna wijet ɗin da maɓallin dama na linzami, shiga Settings, sai Position. Matsayi biyar ne: On desktop, Bottom, Normal, Topmost da Stay topmost. Topmost yana hawa kan tagogi na yau da kullum, Stay topmost kuwa har kan waɗanda su ma aka kafe. Haɗa shi da Click through, dannawar linzami ta riƙa ratsa wijet ɗin zuwa abin da ke ƙarƙashinsa, ka kuma rage masa duhu don rubutu ya riƙa fitowa. In kana son sake taɓa shi, riƙe Ctrl. Rainmeter tana ajiye saitinta, don haka gobe za ka tarar da komai inda ka bar shi. Wijet ɗin da ake ƙarawa daga waje kam a kula da inda aka samo su, tunda suna iya ɗauke da umarnin da ke gudana a kwamfuta.

Duka biyun ba sa iya hawa kan wasan da ya mamaye allo baki ɗaya, sai an mayar da wasan cikin taga. Wanda kuma kalkuleta kaɗai ce damuwarsa, kada ya ɓata datarsa: ta Windows tana da nata zaɓin, Alt da kibiyar sama. Task Manager da VLC su ma suna da nasu a ciki.