Tawadar waken soya da launin da ke ratsa takarda

Wata huɗu ke nan ina aiki da wata tawadar bugun zane da ake haɗawa da man waken soya, kuma abin da ya kai ni ga sayenta shi ne sha'awar da nake yi wa ayyukan Helen Frankenthaler, mai zanen nan ta Amurka da ta rasu a 2011. Tun a 1952 ta fara tsinka fenti tana kwarara shi a kan ɗanyen yadi har ya tsotse, daga baya kuma ta kai wannan salo ga bugun katako, wato a sassaƙa katako a shafa masa tawada a buga a takarda, inda aikinta mai suna Madame Butterfly na shekarar 2000 ya ci launi 102 daga katako 46. Zanenta ba ya nuna mutum ko gida, launin ne kaɗai ke taɓa zuciyar mai kallo.

Ni nawa aikin ƙarami ne: ina shafa tawada a kan farantin roba, in ɗora takarda, in murza da bayan cokali, bugu ɗaya tak ya fito. A nan tawadar ta burge ni ƙwarai, domin ba ta bushewa a kan faranti, ko da a tsakiyar hunturu, sai in ɗauki awa guda ina gogewa da tsumma ina sake shafawa ba tare da gaggawa ba. Idan na gauraya ta da sinadarin da ke rage mata kauri, na buga shuɗi a kan rawaya, wani kore mai zurfi ke fitowa wanda ban taɓa samu ta hanyar haɗa launukan a kwano ba, saboda hasken takardar yana ratsowa ta ƙarƙashin duka biyun. Jan kuwa yana da ƙarfi sosai, ɗigo kaɗan ya isa.

Matsalarta ɗaya ce, kuma ta ɓata mini ayyuka uku kafin in gane. Takarda ce ke shanye ta sannan ta bushe, don haka idan aka lafta ta a kan takarda mai santsi, takan yi kwanaki tana ɓata yatsa. Yanzu takardar auduga nake amfani da ita, ina kuma jiran kowane launin da na buga ya kama kafin in ƙara wani. Sabulu da ruwa sun isa wanke faranti, babu warin kananzir a ɗaki, kuma na riga na yi odar shuɗi da rawaya karo na biyu.