Wayar gyaran tiredi: ta fitar da ni kunya a kaskon Honda, amma ƙaramin taf ɗinta ya ɓata min rai

Kwalin wayar gyaran tiredi, wato layukan da noti ke bi a cikin rami, da na saya a Ƙofar Ruwa ba shi da sunan kamfani a jiki. Mu dai a gareji Helicoil muke kiran duk irinsa, amma wannan ba na ainihin ba ne, kuma mai shagon bai ɓoye min ba. Na ɗauki na M14 da na M6, wato na noti mai kaurin milimita 14 da na milimita 6, na ajiye a akwatin kayan aiki, don a raina ban yarda cewa 'yar waya da aka naɗe za ta riƙe abin da ƙarfen asali ya kasa riƙewa ba.

Sai ga wani Alhaji, tsohon kwastomana, da Honda Accord tana ɗigar da baƙin mai. Masu juyen mai na bakin titi sun ɗaure notin ƙasan kaskon mai da doguwar sifana har tiredin ya cinye, suka naɗa masa zare suka mayar, suka sallame shi. Kaskon alminiyam ne, notin kuwa ƙarfe, to idan aka matsa dole mai laushin ya sallama. Ina taɓa notin ya faɗo hannuna da ɓarɓashin kaskon a jikinsa. An riga an gaya masa sai dai ya canza kasko gaba ɗaya, kun kuma san kuɗin na Balgiyam yanzu. Na ce, "Alhaji, ka bar ni in gwada wani abu. In bai riƙe ba, kada ka ba ni ko sisi." Ya ce, "Malam, motar taka ce."

Ramin M14 ne mai tazarar milimita 1.5 tsakanin layukan tiredi. Na faɗaɗa shi da bakin dirilar da ya zo a kwalin, na cika taf ɗin, wato ƙarfen da ke yanka tiredi a rami, da giris don ya kama ɓarɓashi, ina shiga kaɗan ina dawowa baya ina gogewa. Wannan taf ɗin ba irin na kullum ba ne, ya fi shi kauri, don yana yanka wurin da wayar za ta zauna ne, shi ya sa na kasuwa ba zai maye gurbinsa ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne tsayar da shi daidai, domin in ya karkace wasan noti, wato zoben da ke tare mai, ba zai kwanta ba, mai kuma zai ci gaba da tsiyaya ko da tiredin sabo ne. Na murɗa wayar ta shige har ta ɗan nutse ƙasa da baki, na karya ɗan harshen ƙarshenta da siririn filaya na zaro shi, sannan na zuba mai kaɗan ya wanko abin da ya rage.

Wallahi da na sa notin asali ya shige da yatsu sumul, sai da na kira yarana su zo su gani. Na ɗaure shi a kan 39 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri, da sabon wasa. Motar ta je Abuja ta dawo, ta sha juyen mai bayan nan, ƙasanta a bushe. Yanzu ƙarfe ne ke gogar ƙarfe mara tsatsa, alminiyam ɗin ya huta da kwance-ɗaure, kuma wayar na raba nauyin a kan layukan tiredin maimakon na farko su ɗauke shi su kaɗai. A wannan ramin dai gyaran ya fi yadda motar ta zo daga kamfani ƙarfi, ba na shakka.

Da a ranar na rubuta wannan, da yabo kawai za ku karanta. Amma na M6 ya ƙona min rai. Murfin bawul ne na wata mota, rami ɗaya ya cinye, aikin da bai kai a zauna ba. Na huda da bakin dirila na milimita 6.3 yadda ya kamata, na sa mai, ina juyawa a hankali, sai taf ɗin ya ƙalle a cikin ramin. A alminiyam fa! Wane irin ƙarfe ne alminiyam zai karya? Duk bakaniken da ya taɓa ciro karyayyen taf ya san azabar, dirila ba ta cinsa. Yinin ya tafi a kan rami ɗaya, mai mota na zaune a benci yana kallona, ni da na ce masa yanzu zai tafi. Har yanzu in na tuna raina na sosuwa, don sunana ne ya taɓu, ba na wanda ya ƙera kwalin ba.

Na koma neman taf ɗin kaɗai, aka ce sai dai in sake sayen kwali guda. Haka ma wayoyin, aka ce in sun ƙare ba a sayar da su daban. Sannan duk tsawonsu ɗaya, alhali akwai ramin da ke son doguwa. Saboda haka ban yarda in sa su a ramin fulogi mai dogon tiredi ba. Can zafi ne da yawan kwancewa, kuma harshen nan in ya kuɓuce cikin silinda zai faɗa. A fulogi na fi natsuwa da zoben ƙarfe dunƙulalle wanda ke kulle kansa a ciki.

To in saya ko kada in saya, haka abokan sana'a ke tambayata. Babban, ku saya, zai ceto muku kasko da giyabos da yawa. Ƙananan daga M8 zuwa ƙasa, ku ƙara kuɗi ku nemi mai suna, ko ku ajiye wayoyin ku samo taf mai kyau daban. Ni dai na sa an taho min da na M6 daga Legas, kuma kafin ya iso ba na karɓar irin wannan aikin.